Jinin da Kumai Ya Bayar

Kafanchan,
10 ga Maris, 2024

Ƙanwata Paulina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Sabon Tasha, yaya makaranta, yaya yara? Ina fata kowa lafiya. Mu nan matata Milka tana nan kalau, tana ta yawon neman irin citta, don ta bara ruɓewa ta yi a gona kamar ta kowa. 'Yarmu Emilia tana gidan mijinta a bayan layin dogo. 'Yarta Oge ta kusa shekara uku, bakinta kamar rediyo, kuma akwai wani a hanya.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Kusan shekara biyar ke nan ba mu yi magana ba, tun jana'izar mijinki Gregory, kuma ban ga laifinki ba. Amma kakata da kakarki nono ɗaya suka sha, kuma duk dangin nan ke ce kika yi karatu. Da waya zan kira, to maganar ba ta waya ba ce. Gidanmu ɗaki biyu ne, ko tari na yi Milka ta ji. Shi ya sa na ba Gilbert direba ya kawo miki.

Ba ni da lafiya, Paulina. Tun bayan Kirsimeti idanuna suka koma kamar ruwan ɗorawa. Ni da kika sani siriri kamar sandar rake, yau ciki ya yi gaba, ƙafafu sun ƙi shiga takalmi, hannuwa kuma sun zama tsinke. Katako ɗaya ba na iya yankawa sai na zauna sau uku. Akwai bencin coci guda shida da na karɓa tun Janairu, har yanzu biyu na haɗa.

Na fara da Ejike mai kyamis, ya ba ni maganin shawara. Da na koma karo na biyu sai ya dubi cikina ya ce, "Oga Kumai, wannan ya fi ƙarfin shagona. Ka tafi asibiti." Na je. Likitar yarinya ce ƙarama, ba ta wuce sa'ar Emilia ba. Ta danna nan ta danna can, ta ce, "Baba, ƙwarya nawa kake sha a rana?" Na ce biyu. Milka tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Biyu kafin ya karya kumallo." Aka ɗauki hoton cikina. Likita ta ce hantata ta taurare, ta ƙanƙance, in ban bar burkutu ba burkutu zai bar ni a ƙasa. Ta rubuta mini gwajin jini, amma ban je ba. Ina tsoron abin da za su gani a jinina.

Yau sati uku ban sa komai a bakina ba. Satin farko hannuna rawa yake yi, ko ƙusa ba na iya riƙewa. Yanzu da sauƙi. Ranar Lahadi na je sujada, na zauna can baya, mutane suna ta juyowa kamar sun ga fatalwa.

Abu biyu nake roƙo. Ki tambayar mini waɗanda suka sani ko hanta tana warkewa in mutum ya daina. Na biyu, ina so in gan ki da idona. Akwai maganar da ke tsakanina da ke, ba na so in tafi da ita.

Ki gai da yara.

Yayanki,
Kumai

*

Sabon Tasha, Kaduna,
17 ga Maris, 2024

Yaya Kumai,

Alheri da salama su kasance tare da kai da iyalinka. Gilbert ya kawo mini wasiƙarka har bakin makaranta. Muna lafiya, sai dai ɗan zazzaɓi da autana ya yi, ya kuma warware. Ka gai da Maman Emilia, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Sati uku ba abin wasa ba ne, Yaya, na gode wa Allah dominka. Ni malamar firamare ce ba likita ba, amma na tambayi wata nas da muke zumuntar mata tare a coci. Ta ce inda ya riga ya taurare ba ya komawa yadda yake, amma abin da ya rage yana iya hutawa ya riƙe mutum shekaru, muddin ko ɗigo bai sake shiga ba. Ta ce kuma kada ka sha jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalba ranar kasuwa, suna ƙara wa hanta aiki.

Yanzu ga abin da ya fi komai. Ka je ka yi gwajin jinin nan, gobe-gobe, kada ka jira. Yaya, ba giya kaɗai ba ce. Akwai abin da ke cikin jininka tun ranar da ka zo ka ba Gregory jini. Mutanen asibitin sun gani, sun faɗa mini, na kuma sani tun a lokacin. Ban iya buɗe baki na gaya maka ba, yau ma hannuna ya ƙi rubuta sauran. Shekara biyar ina ɗauke da maganar nan, ba ranar da ba ta yi mini nauyi ba.

Zan zo da hutun Ista mu zauna. Kafin nan ka yi gwajin.

Ƙanwarka,
Paulina

*

Sabon Tasha, Kaduna,
21 ga Afrilu, 2024

Yaya Kumai,

Ina gaisuwa. Ina fata jiki da sauƙi. Mu nan lafiya.

Sati biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Na tambayi Gilbert, ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu, ya kuma ce kwana biyu bai ga shagonka a buɗe ba. Na kira lambar Maman Emilia da nake da ita, ba ta shiga.

Ista ta wuce ban zo ba. Na gaya wa kaina aikin jarrabawa ne ya riƙe ni, amma ba gaskiya ba ne. Na haɗa jaka, na je har tasha, na zauna cikin mota, da ya rage mutum biyu ta cika sai na sauka na koma gida. Kunyar idonka nake ji.

In fushi kake yi da ni, kana da gaskiya. Amma ka rubuto ko layi ɗaya ne: ka yi gwajin ko ba ka yi ba?

Paulina

*

Kafanchan,
2 ga Mayu, 2024

Anti Paulina,

Ina gaishe ki. Ni ce Milka. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Ni da Emilia muna lafiya. Baban Emilia yana kwance a asibiti, yau kwana bakwai. Wasiƙarki ta biyu ni na karɓa, ni na buɗe, shi ya sa nake ba ki amsa.

Me kika rubuta masa a ta farko?

Ranar da ta zo yana zaune a shago yana goge benci, har yana 'yar waƙa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Na kawo masa paten acca bai taɓa ba. Da rana tsaka ya fita, da yamma mutum biyu suka riƙo shi zuwa gida. Ba ma burkutu ya sha ba, ogogoro, giyar nan mai zafi kamar wuta. Mutumin da ya yi wata guda cur bai sha ba, har na je na ba da shaida a zumuntar mata, aka yi mini tafi. Daga ranar bai sake tsayawa ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira Fasto. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Paulina ta sani. Ashe ta sani."

Ranar Alhamis da safe ina shara na ji yana kakari. Na shiga na tarar ya cika kwano da jini. Muka sa shi a keke sai asibiti. Suka ce sai an ƙara masa jini leda biyu. Anti, mutumin da ko kai ba ya iya ɗagawa sai ya riƙe hannun nas yana cewa, "Ku fara tambaya, mai jinin nan yana sha? Ku tambaye shi da kyau, ƙarya zai yi muku."

Da ya ɗan dawo hayyacinsa na ce sai ya gaya mini. Ya ce ranar da aka kira shi cewa mota ta buge Gregory a Mararaban Rido ana neman jini, ya kamo hanya ba komai a cikinsa. Da suka tsaya a Kachia tsoron allura ya kama shi, ya zagaya baya ya sha ƙwarya biyu. A asibiti aka tambaye shi ko ya sha wani abu, ya ce a'a. Aka ɗebi jininsa. Bayan kwana biyu Gregory ya mutu. Ya ce, "Milka, jinina ne ya kashe shi. Giya na zuba wa mutum mai rauni a jijiya. Shekara biyar ina addu'a kada ta sani, ashe tun a ranar aka gaya mata."

Shekara talatin muna tare, ban taɓa jin wannan maganar ba sai ranar. Yanzu na gane abin da ya sa ya yi abin kunyar da ya yi a jana'iza, na kuma gane dalilin da shan nasa ya ninka tun daga shekarar.

In gaskiya ne, Allah ya ba ki haƙuri, mun ɗauki alhakinki. Amma me ya sa sai yanzu, lokacin da ya fara tsayawa da ƙafarsa? Da kin bari ya ƙara ƙarfi.

Sun gwada jininsa a nan. Likita ta ce ban da ɓarnar giya akwai wata ƙwayar cutar hanta da suke kira B, wai ta daɗe a jikinsa. Ta ce mu duka mu zo a gwada mu. Ban gane kanta ba tukuna, kaina ya yi zafi.

Milka

*

Sabon Tasha, Kaduna,
5 ga Mayu, 2024

Yaya Kumai da Maman Emilia,

Ina gaishe ku. Ina roƙon Ubangiji ya tashi kafaɗarka, Yaya. Maman Emilia, in ba zai iya karantawa ba, ki karanta masa da ƙarfi, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Yaya Kumai, jininka bai shiga jikin Gregory ba. Ko ɗigo. Ba kai ka kashe shi ba. Raunin da ke kansa ne ya kashe shi, likitoci sun faɗa mini tun kafin ka iso cewa sai dai addu'a. Jinin da aka sa masa na wani malami ne abokin aikina. Na rantse da Littafi Mai Tsarki, ban taɓa sanin kana ɗauke da wannan tunanin ba.

Ga abin da ya faru. Saboda gaggawa sun fara ɗiban jininka kafin su gwada. Da aka gama ka ce za ka fita ka sha iska. Ba ka dawo ba. Can sai mai gwajin jini ya fito yana nemanka, ya ce, "Madam, ina ɗan'uwan naki?" Na ce ya fita. Ya ce ba za su iya amfani da jinin ba, za su zubar, akwai ciwon hanta a ciki. Ya ba ni takarda a ninke ya ce, "Ki ba shi a hannunsa. Ya ga likita da wuri, a gwada matarsa da yaransa. In yana shan giya ya daina yau, don su biyun in suka haɗu hanta ba ta daɗewa." Na ce to. Na sa takardar a jaka na koma wurin mijina.

Kwana biyun da suka biyo baya ba zan ce na tuna da kai ba, wannan Allah ma ya sani. Amma ranar jana'iza na tuna. Takardar tana cikin jakata a kan cinyata. Na yi niyyar in an gama in ja ka gefe. Sai ga ka kana tangaɗi, ka faɗa kan kujerun dangin mijina, kana kuka kana kiran sunansa, har matasa suka fitar da kai. Uwar mijina ta dube ni ta ce, "Wannan naku ne?" Na ce, "Dangi ne na nesa." A zuciyata kuma na ce, bari ya je ya sha, abin da ya zaɓa ke nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce zafin mutuwa ne. Bai tsaya a nan ba. Bayan shekara guda ina kwashe kayan Gregory na sake ganin takardar. Na buɗe na karanta. Na tambayi nas ɗin da na gaya maka, ta yi mini bayani dalla-dalla: cewa cutar tana zama shiru shekara da shekaru tana cin hanta, cewa akwai ƙwayar da ake sha kullum ta kwantar da ita, cewa akwai rigakafi ga wanda bai kamu ba, cewa uwa tana iya ba jariri wajen haihuwa in ba a yi masa allura a ranar ba. Duk na ji da kunnena. Na ce zan aiko da Kirsimeti. Kirsimeti ta zo na ce mashayi ba ya jin magana. Da aka yi bikin Emilia na aiko da zani da kwanuka, ban aiko da takarda ba. Daga baya kuma sai na fara jin tsoron a tambaye ni me ya sa na daɗe, kowace shekara tsoron yana ƙaruwa.

Ka bar aikinka, ka shiga mota, ka zo ka miƙa hannu domin mijina. Duk danginmu na kusa da ke Kaduna ba wanda ya zo, kai na nesa ka zo. Abin da na saka maka da shi ke nan. Da ka rubuto mini kuma, maimakon in faɗi gaskiya gaba ɗaya, na faɗi rabi don in rage wa kaina kunya, rabin nan ya kai ka gadon asibiti.

Ga takardar nan a ciki. Ku nuna wa likita, akwai kwanan wata a jiki. Maman Emilia, don Allah ku je gwajin nan, ke da Emilia da Oge da mijinta. Emilia ta fara zuwa, saboda cikin.

Ban roƙi gafara ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba.

Paulina

*

Kafanchan,
26 ga Mayu, 2024

Ƙanwata Paulina,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. An sallame ni ranar Talata. Sun zuƙe ruwa daga cikina har galan guda, yanzu ina iya ganin yatsun ƙafata. Ina shan ƙwaya ɗaya kowace safiya domin cutar, da wasu na fitar da ruwa. An hana ni gishiri. Miyar Milka ba gishiri, ki yi tunanin irin horon da nake sha.

Milka ta karanta mini wasiƙarki a asibiti. Da ta kai inda kika ce za su zubar da jinin, na ce ta tsaya ta sake. Ta sake. Na fara dariya, na ce ashe jinina a kwata ya ƙare. Dariya ta koma kuka, har na gadon kusa ya kira nas. Paulina, shekara biyar ban iya wucewa ta gaban hoton Gregory da ke cikin kalandar jana'izarsa ba. Na cire ta daga bango na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Jiya na fito da ita na mayar.

Ranar da na fita shan iska, ba iska na sha ba. Da na tsaya minti goma, da a hannuna za a ba ni takardar. Ki sa wannan a cikin lissafinki in kina yi wa kanki shari'a. Ke kika riƙe takarda, ni na riƙe ƙwarya, kuma tun kafin Gregory nake riƙe da ita. Kada in mayar da mamaci dalilin shan da na fara tun ina saurayi.

Na tambayi likita wanne ne ya kashe hantar, giya ko cutar. Ta ce, "Baba, kai kafinta ne. In gara tana cin katako daga ciki, ruwan sama yana dukansa daga waje, wanne ya karya shi?" Na ce na gane. Ta duba takardarki ta daɗe tana kallon kwanan watan.

Sun yi gwajin. Mijin Emilia ba shi da cutar, an fara masa rigakafi. Milka tana da ita. Emilia tana da ita. Milka ta tambaya ko ni na ba ta, likita ta ce ba wanda zai iya sani, yawancin mutane tun suna yara suke ɗauka. Ni da Milka ƙauye ɗaya muka taso, wanzami ɗaya ya yi mana tsagar ciki da aska ɗaya, mu yara goma a layi. Hantar Milka lafiya lau take, ba ta taɓa sha ba. Emilia za su ba ta magani kafin haihuwa, kuma dole a asibiti za ta haihu, a yi wa jariri allura kafin kwana ya zagayo.

Na Oge ba a yi ba tukuna. Ta yi ta ihu aka kasa samun jijiya, sun ce a dawo da ita. A gida aka haife ta, a ɗakin nan namu, Milka ce ta yanke cibi. Ba a kai ta asibiti ba sai da ta yi wata biyu.

Na tambayi kaina, da kin ba ni takardar a lokacin, da na daina sha? Ban sani ba, ƙanwata, wataƙila da na yi dariya na kunna taba da ita. Amma da na nuna wa Milka. Ita kuwa kin san ta, da ta ja Emilia da kunne zuwa asibiti. Wannan ba zan ɓoye miki ba, don kin ce a daina faɗin rabi.

Ni dai na yafe miki, ke ma ki yafe mini kujerun da na faɗa a kai. Ki zo. Milka ba ta huce ba tukuna, amma ki zo.

Yayanki,
Kumai

*

Kafanchan,
13 ga Oktoba, 2024

Anti Paulina,

Ina gaishe ki da yara. Mun gode da zuwanki jana'izar Baban Emilia, da buhun masara da kika kawo. Mutane sun watse, gida ya yi shiru. Ni lafiyata kalau, ina zuwa asibiti yadda suka ce.

Sau biyu kika zo gidan nan, a Yuni da kuma watan jiya, duka biyun na ba ki ruwa na koma kicin. Na san kin lura. Ban iya zama kusa da ke ba, kuma ban iya yin fuska biyu ba.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da shi. Daga ranar da na karanta masa wasiƙarki har ranar da ya cika, bai sake sha ba. Wata huɗu da 'yan kwanaki. Abokansa sun zo dubiya da galan na burkutu a leda, ya ce su ajiye a waje su shigo, ko su tafi tare da shi. Ya gama bencin coci, yana yi yana hutawa, mijin Emilia yana riƙe masa katako. Da likitoci suka ga ƙari a hantar aka ce mu tafi Jos, likitan can ya ce an makara. Bai yi gardama ba. Ya ce a kai shi gida.

Emilia ta haihu ranar sha tara ga Satumba, namiji, kwana tara bayan an binne kakansa. A asibiti ta haihu. Ban bari sun kai shi ko'ina ba sai da na ga allurar ta shiga cinyarsa da idona. Nas ta ce, "Mama, ki zauna mana." Na ce sai an yi. Sun ce in ya cika sauran alluran da wuya ya kamu.

Sakamakon gwajin Oge ya fito tun watan Yuni. Tana da ita. Baban Emilia ya hana a gaya miki, ya ce kin sha isasshe. Yanzu ba ya nan, ni kuma ban yi masa alkawari ba.

Ni ma ba na barin kaina. Ni na ce wa Emilia asibiti ɓata lokaci ne, ni na haifi nawa a gida ba abin da ya same su. Wataƙila ma daga jikina Emilia ta ɗauki cutar tun farko. Amma ni ban sani ba, Anti. Ke kin sani. Fasto ya ce in yafe, na ce masa ina kan hanya, ban iso ba.

Yarinyar lafiyarta lau, tana gudu tana tsalle, ba ta san komai ba. Likita ta ce yawanci haka suke girma, amma dole a riƙa duba ta duk wata shida, har ta girma, har ta yi nata 'ya'yan. Ta rubuta mana takarda zuwa wurin likitan yara a Kaduna. Ranar farko ita ce sha biyu ga watan gobe. Emilia tana jego, ni ga citta ta isa haƙa, kuma ban san Kaduna ba.

Mijin Emilia zai kawo ta ranar Litinin, ana gobe asibiti, ya juyo, don ba mai tsare masa shago. A gidanki za ta kwana. Ke za ki riƙe hannunta ki kai ta, ki zauna a layi, ki danne ta in za a ɗebi jini, don tana cizo. Ki karɓi sakamakon ki kira ni a ranar, kafin ki bar harabar asibitin. Bayan wata shida ki sake. Ba roƙonki nake yi ba.

Ba ta cin yaji, kuma ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe. In ta tambaye ki ina Kaka, ki ce yana wurin Yesu, haka muka gaya mata. Kada ki yi kuka a gabanta.

Milka